Ƙarar Ƙafar Mota Bayan An Sauya Ta: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Mota tana fitowa daga kamfani da ƙafar da aka auna mata. Nauyinta, tsayinta daga ƙasa, irin tayar da za ta ɗauka, duk tare aka yi lissafinsu. Ranar da mai ita ya cire wannan ƙafa ya sa wata, don motar ta kwanta ƙasa ta yi kyan gani ko don ta riƙe kwana ba tare da rangaji ba, ya rushe wancan lissafi ke nan, kuma yawanci kunnensa ne ke fara ba shi labari. Kwana biyu da barin gareji sai a fara jin ƙwas-ƙwas a gaba, ko ƙii-ƙii a baya, ko gwaf idan taya ta faɗa rami. A Kano wannan koke ya yawaita tsakanin samarin da ke hawa BMW ƙirar E46 da E90, da Marsandi C-Class, da Lexus IS 250, da 'yan tsirarun Mustang da Challenger da ake gani jefi-jefi.

Babu inda irin wannan ƙara ke tona kanta kamar titunan unguwannin masana'antu. Bompai, wadda ta riga sauran kafuwa, da Sharada, da Challawa ta ƙaramar hukumar Kumbotso a kan hanyar Panshekara, duk wuraren zirga-zirgar tireloli da tankoki ne masu ɗauke da fatu, hatsi, robobi, lemo da man gas. Nauyinsu yana murɗe kwalta ta yi tudu da kwari a sawun taya. Idan damina ta kankama a watan Agusta ruwa yana shiga tsagogin, ya cinye ƙasan, ya bar ramuka masu kaifin baki. Ga mashigar kamfanoni da ke haye kwalbati da tsini, ga tudun rage gudu da mutanen unguwa ke zubawa da kansu ba awo. Kayan ƙafar da ake sa wa motocin gudu kuwa, na KW da Bilstein da H&R na Jamus, da Tein na Japan, da BC Racing na Taiwan, an tsara yawancinsu ne da shimfiɗaɗɗiyar kwalta a zuciya.

Ƙarar da ke biyo bayan sauya ƙafa ba daga wuri ɗaya take ba. Akwai wadda halin kayan ce, da ita ka saye su. Akwai wadda kuskuren ɗauri ya haifar, kuma ita ce mafi yawa. Akwai kuma ta gargaɗi, wadda ba a kwana da ita. Asarar kuɗi tana faruwa ne idan aka cakuɗa su, makanike ya girgiza motar sau biyu ya ce, "Alhaji, shokozoba ce," a tafi Ƙofar Ruwa a sayo wata, a ɗaura, ƙarar kuma tana nan daram. A ganina shokozoba ita ce aka fi ɗora wa laifi a garejin Kano alhali ba kasafai take da hannu ba.

Sai an san yadda ƙafar kamfani ke yin shiru kafin a gane dalilin hayaniyar sabuwa. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shokozoba aikinta ta hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an wuce rami, ta hanyar tura mai ta cikin 'yan ƙananan ƙofofi. Amma shirun ba daga su yake ba, daga roba yake. Duk inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe injiniyoyi sun cusa roba: a kujerar shokozoba ta sama, a ƙarƙashin sifirin da bisansa, a bushin na lowa-am, a maɗaurin sandar sitabilaiza. Robar nan tana shanye jijjiga kafin ta isa bodi, amma tana da laushi, don haka idan aka sha kwana da gudu taya takan ɗan goce daga inda aka saita ta. Masu ƙera kayan tsere wannan laushin ne ba sa so. Da gangan suke rage robar, ko su cire ta ɗungurungum, don sitiyari ya riƙa amsawa nan take. Abin da robar ta daina shanyewa kuwa dole ya bi ƙarfe ya iso kunnen direba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗauki bushin. Na kamfani roba ce da aka manna a jikin ƙarfe ciki da waje. Idan ƙafa ta motsa, robar murɗewa take yi, babu abin da ke gogar wani, shi ya sa ba ta buƙatar giris har ta mutu. Wanda ake sayarwa mai launin ja ko rawaya ko shuɗi, na foliyuriten, ba haka yake aiki ba. Yana da tauri, kuma juyawa yake yi a kan bututun ƙarfen da ke cikinsa. Muddin akwai giris tsakaninsu, shiru. Da zarar giris ya bushe sai a ji ƙii-ƙii a kowane tudu, musamman a tafiyar hankali. A Kano giris ba ya jimawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ta haɗu da shi ya zama gari mai cin jiki, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya tsinka shi, ruwan damina ya wanke saura. Maganin shi ne a kwance, a wanke, a shafa giris na silikon mai danƙo, irin wanda masu kayan ke haɗowa da shi, kuma a san cewa za a riƙa maimaitawa. Abin da ba magani ba shi ne baƙin mai. Wasu wuraren wankin mota suna feshe ƙasan mota da shi ko da gas don ta yi sheƙi, ƙarar ta lafa kwana biyu, mai mota ya ji daɗi. Man fetur da danginsa suna kumbura robar kamfani su sa ta ruɓe, sannan su tara ƙura a ko'ina. Kada ku yarda a yi muku wannan feshi.

Wanda ya fi bushin hayaniya shi ne ƙwallon ƙarfe da wasu kayan tsere ke sawa a kujerar shokozoba ta sama a madadin roba. Ƙwallo ne a cikin gurbi, da siririn rufi mai santsi tsakaninsu, galibi kuma babu murfin da zai kare shi daga ƙura. Yana sabo ma za ka ji tsakuwar titi a cikin mota. Idan ƙura ta ci rufin nan, ya samu ɗan sarari ko da bai kai kaurin farce ba, sai ya fara ƙwas-ƙwas a kan ƙananan gargada, ya yi shiru a babban titi. Ba a gyara shi, sauyawa ake yi. Ga motar da kullum za ta bi hanyar Panshekara ko ta ratsa Sharada, shawarata a zaɓi ƙafar da ke aiki da kujerar roba ta kamfani. Da yawa daga cikin kayan da KW da Bilstein ke yi don hawan yau da kullum a haka aka tsara su.

Yanzu ga abin da samari suka fi so, wato koyiloba: shokozoba mai zare a jikinta kamar na noti, da sifirin a zaune kan zobba, ana murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. Iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya jawo ƙara a motoci da dama. A iri na farko, zoben da ke riƙe da sifirin shi ne kaɗai abin murɗawa. Duk sanda ka sauke shi don motar ta yi ƙasa, kana sassauta wa sifirin ne. Idan ka wuce iyaka, motar tana tsaye ba za ka ga komai ba saboda nauyinta ya danne shi, amma da taya ta faɗa rami ko aka hau mashigar gida a karkace, ƙafa ta miƙe, sai sifirin ya saki mazauninsa ya dawo da gwaf. A iri na biyu, gindin shokozobar yana da nasa zaren daban. Da shi ake saita tsayi, zoben sifirin kuwa ana ɗan matsa shi ne da 'yan milimita kamar yadda takardar kayan ta nuna, a kulle, a ƙyale shi. Makaniken da bai saba da su ba sai ya kama zoben sifirin ya yi ta saukewa, tunda shi ne ya fi kusa da hannu.

Gwajin wannan ba ya cin kuɗi. A ɗaga motar har taya ta bar ƙasa, a kama sifirin da hannu. Idan yana motsi sama da ƙasa, an gano. A duba zobban kuma: biyu ne, ana ɗaure ɗaya a jikin ɗaya da sifana mai ƙugiya da ke zuwa tare da kayan. Inda babu wannan sifana sai ka ga an sa kurfi da guduma ana dukan haƙoran zoben, ya farfashe, bai kuma ɗauru ba. Zoben da ya kwance yana yin ƙarau-ƙarau, motar kuma ta riƙa sauka gefe ɗaya a hankali.

Akwai wata ƙara da ba ruwanta da rami. Mota tana tsaye ko tana shiga wurin ajiya, a juya sitiyari, sai a ji fau ko wani kukan ƙarfe daga saman taya. Wannan ya shafi motoci masu ƙafar gaba irin ta MacPherson, tsarin da ya bazu a duniya tun daga Ford Consul ta 1950, kuma shi ne a BMW E46, da Corolla, da Camry. A wannan tsari shokozoba da sifirin gaba ɗaya suna juyawa tare da taya, a kan wani boris da ke sama. Idan boris ɗin ya mutu, ko an manta ba a mayar da shi ba, ko an ɗora shi a kife, sifirin yakan murɗe ya tara ƙarfi sannan ya kuɓce. Sau da yawa sabuwar ƙafa ake ɗaurawa a kan tsohon boris da ya shekara goma sha yana aiki, don a rage kuɗi.

Sai notin da ke tsakiyar kujerar sama. Idan bai ɗauru sosai ba, sandar shokozoba tana buga kujerar a kowane motsi, kuma ƙarar tana kama da ta shokozobar da ta mutu. Wajen ɗaure shi sandar takan juya tare da noti, don haka aka yi mata gurbin makulli a kai da za a riƙe ta. Mai gaggawa sai ya damƙi jikin sandar da filaya. Haƙoran filaya suna karce santsinta, karcen ya yanka robar da ke tare mai, bayan 'yan makonni sabuwar shokozoba ta fara tsiyaya. Idan kana tsaye ka ga an nufi sandar da filaya, ka yi magana tun kafin a damƙa.

A ƙarar ƙafa, abin da ya kamata a fara zargi shi ne linkeji, 'yar sandar da ke haɗa sitabilaiza da ƙafa. Ita ce mafi arha, ita ce kuma mafi yawan laifi. An yanka tsawonta daidai da tsayin mota na asali. Idan aka sauke motar da santimita 3 ko 4, sandar sitabilaiza takan karkace, 'yan ƙwallayen linkeji su yi aiki a maƙure, wani lokaci ma ƙarshen sandar ya riƙa taɓa lowa-am ko shaf. Shi ya sa kayan kirki ke zuwa da gajeren linkeji ko wanda ake ƙara wa tsawo a rage. Ga alamar da ke nuna shi: idan tayoyin gaba biyu suka hau tudun rage gudu tare ba ka ji komai ba, amma taya ɗaya ta taka rami ka ji ƙwas, to zargi ya tafi wajen sitabilaiza, domin ba ta murɗewa sai idan taya ɗaya ta motsa ta bar 'yar'uwarta. Don tabbatarwa, a kwance linkeji biyun, a ɗaure sandar da waya kada ta taɓa komai, a zaga a hankali cikin layi. Idan ƙarar ta ɓace an gama bincike. A mayar da su kafin a hau babban titi.

Wani kuskure kuma ba ya nuna kansa sai bayan watanni. Notunan da ke ratsa bushin na roba ana yi musu ɗaurin ƙarshe ne lokacin da motar ke tsaye a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure su tana rataye a kan jak, ƙafa a miƙe, to da an sauke ta robar ta murɗe ke nan, a haka za ta zauna dare da rana har ta tsage. Idan an rage wa mota tsayi, ko tsofaffin bushin da ba a taɓa ba suna buƙatar a sassauta notunansu a sake ɗaurewa a sabon tsayin. Garejin da ke da rami, ko dakalin wankin mota da ake hawa, ya isa a yi wannan aiki. Bayan nan sai alaimen, domin sauya tsayi yana sauya inda taya ke fuskanta, in ba haka ba cikin tayoyin zai cinye tun wajensu yana sabo.

Duk wannan gyara ne na hannu. Wanda hannu ba ya gyarawa shi ne ƙarancin fili. Tsakanin tsayuwar mota da inda ƙafa ke ƙurewa akwai 'yan santimita kaɗan, a ƙarshensu kuma akwai wata roba mai kama da soso a kan sandar shokozoba da ke tare bugu. Duk abin da ka rage a tsayi, daga wannan fili ka ɗebe shi. Gajeren sifirin a kan shokozobar kamfani yakan sa motar ta kusa zama a kan wannan roba, sai ƙaramin rami ya ba da dum mai nauyi da ake ji har a kujera, shokozobar kuma ta mutu da wuri. Mafi muni shi ne yanke sifirin da injin yanka ƙarfe, ko gasa shi da wutar walda har ya zauna. Yankakke ba ya zama daidai a mazauninsa, gasasshe kuma ya rasa ƙarfin da aka dafa shi da shi, yana iya karyewa ana cikin tafiya. Wannan ba ado ba ne, ganganci ne da rayukan mutane.

Taya ma tana cikin lissafi, ko da yake ba a cika tunawa da ita ba. Lambobin jikinta suna faɗin kaurin gefenta. Taya 195/65 R15 tana da gefe kusan milimita 127. Ta 205/55 R16 tana da 113. Ta 225/40 R18 da ake so a kan manyan wili tana da 90 kacal, ta 235/35 R19 kuwa 82. Wannan gefen shi ne ke fara karɓar bakin rami. Idan ya ragu, bugun yana wucewa zuwa wili ya lanƙwasa shi, ya wuce zuwa boljoyin da boris. Sannan mai faci ya ƙara da nasa, ya dura iska 45 ko 50, alhali takardar da ke manne a jikin ƙofar direba galibi tsakanin 30 da 35 take nunawa. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a fara auna iska da safe taya tana sanyi.

Masu mota da yawa a Kano ma akasin sauke mota suke yi. Mota tana isowa daga Kwatano ko Legas sai a ɗaga mata ƙafa, a cusa zobe na roba ko na alminiyam a saman sifirin, ko a sa sifirin na wata motar da ya fi tsawo. Dalilinsu a fili yake, kuma hanya tana goyon bayansu. Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, kuma ta ci tseren Safari na Kenya a wannan shekarar, ta yi suna ne saboda doguwar ƙafa mai laushi da yalwar fili. Amma ita da haka aka tsara ta. Motar da aka ɗaga da ƙari tana da tata ƙarar: shokozoba tana zama kusa da ƙarshen miƙewarta, da taya ta sauka daga tudu sai ta ƙure da tas. Shaf ma yakan yi aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri.

Batun kasuwa kuma. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabbin kayan ƙafa suka fi ƙarfin mutane da yawa, aka koma kan na Beljiyam da ke zuwa Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, wasu ta kasuwar Ladipo ta Legas. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai. Matsalar koyiloba na hannu ita ce yana isowa tsirara, ba takarda, ba sifanarsa, ba linkejinsa. A Jamus irin waɗannan kaya suna tafiya ne da takardar shaida ta masu binciken motoci irin su TÜV, wadda ke faɗin motar da aka yi su dominta da iyakar saukewa. A nan sai dai a gwada a ga ramukan noti sun dace. Dacewar rami ba ta isa ba: BMW mai silinda 4 da mai 6 nauyin gabansu ba ɗaya ba ne, haka Marsandi mai jan ƙafa huɗu ƙafar gabanta daban take. A karanta lambar da ke jikin kayan a bincika ta a intanet kafin a biya.

A kuma yi hattara da shokozobar da aka huda, aka dura mata mai, aka toshe da walda, aka fesa fenti. Sabon fenti a kan kayan da aka ce na hannu ne abin tambaya ne. Da yawa daga cikin na tsere masu bututu ɗaya ne, irin tsarin da Bilstein ta fara sa wa motocin Marsandi a 1957, kuma a cikinsu akwai iskar naitirojin a matse ƙwarai. Kusantar da wutar walda gare su haɗari ne ga mai aikin kansa. Irin waɗannan kuma idan dutse ya lotsa jikinsu fistin yakan maƙale, saɓanin masu bututu biyu da ke jure ɗan lotsawa. Amma idan ka ji sabuwar shokozoba tana ɗan huci, shuu-shuu, lokacin hawa tudu, wannan mai ne ke ratsa ƙofofinsa, lafiyarta ƙalau.

Ƙarar gargaɗi ita ce ta fi damuna, domin wanda ya saba da hayaniyar ƙafar tsere yakan daina saurare, sai wata sabuwa ta shigo ya ɗauka cikin tsofaffin ce. Boljoyin na ƙasa yana kan gaba. A motoci irin Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 shi ne ke ɗauke da nauyin gaban mota, kuma duk mai bin titunan ƙasar nan ya taɓa ganin mota a durƙushe, taya ta kwanta gefe. Kafin ya cire yakan yi kuka kamar na busasshen ƙarfe idan ana juya sitiyari, ko sitiyarin ya yi nauyi ya ƙi dawowa da kansa. Jabun kaya da yagaggiyar robar da ke riƙe masa giris su ne kan gaba wajen kashe shi. Ranar da aka ji wannan kuka, ranar ake zuwa gareji, a hankali.

Gogar taya a jikin madigadi tana yin shuu ko gurr idan an ɗauki mutane a baya ko an juya sitiyari har ƙarshe. A leƙa da tocila, za a ga inda ya yi sheƙi. Bakin ƙarfen madigadi yana iya yanka gefen taya. A leƙa tiyon birki da wayar ABS a lokaci guda, domin wasu koyiloba ba su da maƙalin da ke riƙe su, sai a bar su suna lilo suna gogar sifirin, kuma tiyon birki ba ya ƙara kafin ya fashe. Notin taya ma yana da nasa: wili na kamfani na Marsandi, Volkswagen da Honda mazaunin notinsu zagayayye ne, yawancin wili na kasuwa kuwa mai tsini ne. Idan aka haɗa noti da wilin da ba nasa ba, yana kamawa ne da ɗan baki kaɗan, ya sassauta a hanya, ya fara ƙwal-ƙwal da ke bin juyawar taya. Bayan kowane cire taya a sake bin notunan idan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Masu BMW E46 suna da ƙarin wurin dubawa. An san wannan ƙirar da tsagewar ƙarfen bodi a inda ƙafar baya ke ɗaure, da kuma mutuwar kujerun shokozobar baya, ƙafa mai tauri a kan mugun titi kuwa tana gaggauta duka biyun. Idan ana jin gwaf daga baya lokacin sauya giya ko sakin totur, a ɗaga shimfiɗar but a duba, a shiga rami a duba ta ƙasa. Wannan aikin mai walda ne gwani, da farantin ƙarfafawa, ba na sauya shokozoba ba.

Taimakon da mai mota zai yi wa makanike shi ne ya zo da bayani. "Tana ƙara" ba bayani ba ne. A fara kwashe komai daga but, har jak da safaya, domin sun sha sa an kwance ƙafa a banza. A nemi ranar Lahadi lokacin da tireloli suka ragu a Sharada ko Bompai, a kashe rediyo, a sauke gilashi, a bi layi mai gargada a tafiyar ƙafa, wani ya zauna a baya yana saurare. A lura: taya ɗaya ce ko biyu, a shiga rami ne ko a fita, da safe ne kawai ko har rana ta yi. Idan ƙarar ta ɗauke da an ɗan taɓa birki, to takalman birki ne ke rawa a gurbinsu. Idan gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, yana sauya murya idan an karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne. Idan ƙat-ƙat-ƙat ce a kwana mai tsanani ana ba da wuta, shaf ne. Idan ƙarau ce ta gwangwani ko mota tana tsaye inji na aiki, a duba salansa da farantin da ke kare zafinta.

Da wannan sai ka ce masa, "Oga, a dama take, sai taya ɗaya ta taka rami, ba ta yi a kan tudu, mu fara da linkeji." A sauya abu ɗaya, a gwada, kafin a taɓa na biyu. Idan an gama, a ɗiga fenti a kan kowane noti da zobe ya haɗe da ƙarfen da ke kusa da shi, yadda duk wanda ya motsa za a gani da ido. Bayan mako ɗaya ko biyu, lokacin da sabon sifirin ya zauna, a auna tsayin kusurwa huɗu daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, a sake bin notunan, sannan a koma wajen alaimen. Idan bayan duk wannan dum ɗin ƙurewa bai daina ba a hanyar da kake bi kullum, a murɗa zaren a mayar wa motar santimita 1 ko 2 na tsayinta, a sassauta maɓallin tauri idan kayan suna da shi, a sake gwadawa a kan wannan hanyar dai.